Man Shanu a Babur

Farkon samun 'yanci, ni kaɗai ke da babur a unguwarmu a Kudan, don haka ba na jin shawara. Wani bakanike a Makarfi ya ce, "Malam, sayi matatar iska ta kamfani ka huta." Na ce ta soso nake so, wadda ake wankewa.

"To, in ka wanke, shafa mata mai."

Ban tambayi wane mai ba. Na dumbuza mata man shanu, na ajiye a zaure ta tsane. Washegari zan kai surukina Ikara, na tarar ɓeraye sun cinye ta tas.

Tsohon ya ce, "Ba komai, ɗana, ka yi sadaka." Ya hau jakinsa.

Har yau in na wuce sai a ce, "Direba, an zuba wa babur miya?"