Sunayen Da Na Raɗa Wa Mutane A Cikin Suwic

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a Kantin Kwari, ranar da na tona wa kaina asiri da hannuna.

Shekara goma sha biyu ina kula da wayoyin intanet a benen wani Alhaji, dilan atamfa. Ban gama sakandare ba, a bakin aiki na koya. Rana ɗaya ya ɗauko Injiniya Rahila daga Sabon Gari, mai digiri, ya ɗora ta a kaina. Ita ta raba layin gidan rukuni-rukuni, abin da muke kira VLAN: kyamarori daban, ofis daban, shaguna daban. Suwic-suwic, wato akwatunan da ake jona wayoyin a jikinsu, su ke haɗa hanya tsakanin rukunan, kuma suna kwafar tsari daga junansu. Duk gyaran da ka yi, wata lamba tana ƙaruwa, wanda lambarsa ta fi girma shi sauran ke bi. Wannan na ƙarshen ne ban sani ba (kuma girman kai ya hana ni tambaya).

Saboda haushi na sayi tsohon suwic, na ba shi sunan tsarin gidan Alhaji, ina gwaji a ɗakina a Kwaciri. In ƙirƙiri rukuni, in goge, wata takwas. Sunayen kuwa na huce haushi ne.

Ran nan suwic ɗin hawa na biyu ya mutu. Na ɗauko nawa na jona, ina jiran yabo. Ashe lambarsa ta fi ta kowa, sauran duk suka kwafi tsarina. Kyamarori suka ɗauke, ofis ya tsaya, 'yan shaguna suka cika matakala. Alhaji ya ce in laifina ne, yau zan bar gidan.

Rahila ta buɗe kwamfuta a gabansa. Ya ce ta karanta abin da ta gani.

"Baba, rukuni na ɗaya sunansa Alhaji Rowa. Na biyu, Injiniyar Takarda."

Na kafa wa takalmina ido.

Ta dawo da komai cikin rabin awa. Sannan ta gaya wa Alhaji lambar nan ba ta kai haka sai mutum ya yi gwaji ɗaruruwa, kuma ita ba ta da ma'aikaci mai naci irin wannan. Alhaji ya ce zai bar ni, amma kada in sa ran ƙari, tunda marowaci ne.

Yanzu duk Asabar ina ofishinta ina karatun jarrabawar takardar shaida. Na koyi mayar da lamba sifili kafin in jona komai. Zagi kuma a ciki nake barinsa, can babu mai kwafa.