Ranar da Na Yi wa Mai Bincike Iso

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Dogarawa, inda muke tsince riɗi da zoɓorodo ana kai su ƙasashen waje. Daga Samaru nake hawo mota kullum, kuma aikin nan shi ne cin yarana huɗu.

Wata rana shugabarmu, Madam Rifkatu, ta tara mu. Ta ce masu sayen kayanmu sun ce ba za su ƙara karɓar ko buhu ɗaya ba sai mun samu takardar shaidar inganci, irin wadda duk duniya ta yarda da ita. "Mutum a can bai san fuskarki ba, bai ga hannunki ba," in ji ta. "Takardar nan ce za ta gaya masa aikinmu ba ya canzawa. Mai bincike zai zo. In mun faɗi, a rufe, kowa ta koma gida." Ta ambaci sunan takardar da Turanci, wani abu kamar "aiso". Ban riƙe ba, hankalina na kan maganar rufewar.

Da yake ni ce na yi karatun manya a cikin masu tsinta (kuma, Allah ya yafe mini, ina ɗan ji da kaina), sai aka ba ni ƙofa: in ga kowa ya wanke hannu, ya rufe kai, ya sa hannu a littafi. Aka manna wata sanarwa da Turanci a jikin ƙofar. Ban gane komai ba sai manyan baƙaƙe uku a sama: ISO. Na haɗa su kamar yadda aka koya mana. Iso! Na ce a raina, ashe Turawa ma sun san ladabi, ba a shiga sai an yi wa mutum iso. Kunya ta hana ni tambaya.

Ran Talata ina tsaye a ƙofa, ina jiran Bature. Sai ga wani mutum da kaftani da 'yar jaka, ya yi sallama zai shige.

"Malam, dakata a yi maka iso."

"Mama, ai ana jirana."

"Ko wa ke jiranka, doka ce. Yau muna da manyan baƙi."

Na bar shi cikin rana, na zaga sito, na zaga ofis, har na samo Madam. Tana hango shi ta dafe ƙirji. "Maman Hadiza, kin kashe mu. Shi ne fa."

Ya tambaye ni a hankali wa ya sa wannan dokar. Na nuna ƙofa da yatsa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi a rubuce." Ya dubi takardar, ya dube ni, ya juya baya, kafaɗunsa na motsi. Sannan ya ciro biro ya yi rubutu. Wannan biron ya fi dariyar tsorata ni.

Makonni na yi abinci ba ya shiga. In na ga matan nan suna tsinta, sai in ce ni na cire musu tuwo a baki.

Da sakamako ya zo, an ce tsaron ƙofarmu ya yi, amma ma'aikata ba su san abin da ake nema ba, sai an gyara kafin a ba mu. Madam ta mayar da duk sanarwar Hausa, ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla (ashe ISO ɗin nan ita ce "aiso" ɗin da ban riƙe ba), sannan takardar ta fito, manyan motoci suka ci gaba da lodi.

Ni dai na koyi darasi: yanzu ko sunana na gani a rubuce, sai na tambaya da wane yare aka rubuta shi.