Alhaji Jibirilla da Gadar da Ta Ƙi Fitowa

Idan ana lissafa manyan mutanen da Allah ya yi wa unguwar New Bell ta Douala baiwa da su, sai a fara da Alhaji Jibirilla, a tsaya a sha ruwa, sannan a ci gaba da sauran. Dilan gwanjo ne a kasuwar Nkololun, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. A bakinsa, shi mai hulɗa da ƙasashen waje ne. Kuma da gaskiyarsa, don duk rigar sanyin da ta tsufa a Amurka sai ta biyo ta rumfarsa ta kwashi gaisuwa kafin ta hau jikin ɗan benskin, wato ɗan acaɓa. Shi ya sa yake ganin shi da Amurka sun daɗe da sanin juna, ganin ido kawai ya rage. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Ambasada. Ya ɗauka yabo ne, yana amsawa da ɗaga yatsu biyu ba tare da ya waiga ba.

Abu ɗaya ne ya rage wa wannan bawan Allah a duniya, shi ne kujera. A majalisar Audu mai shayi, nan gefen masallaci, kowa kan benci yake zama, sai kujera guda mai hannu da majingina, wadda aka tsinto daga wani ofishi tun zamanin iyayenmu. Al'adar majalisar ita ce, wanda ya fi kowa nisan tafiya shi ke zama a kanta, kuma maganarsa ke rufe duk wani musu a kan duniya, daga tashin dala har zuwa ko ana cin ƙanƙarar da ke zuba a Turai. Makka ba ta cikin lissafi, don kowa ya je ko yana da niyya. Tun da Zaharaddeen mai kayan waya ya dawo daga Sin ya ɗare kujerar, bai sake sauka ba. Kullum Alhaji Jibirilla na kan benci da babbar rigarsa, yana sauraron yaron da aka haifa a gabansa yana yanke hukunci a kan duniya. Abin na cin sa ƙwarai, har shayin ba ya yi masa daɗi.

Sai Allah ya kawo mafita. Tahir, ɗan ƙanwarsa, da ke aiki a birnin San Francisco na bakin teku, ya gayyato kawunsa yawon buɗe ido. Ranar da biza ta fito, Alhaji ya miƙe a majalisa ya gyara wuyan riga.

"Jama'a, ƙasar Amurka ta nemi ganina, kuma na ga bai dace in ci gaba da ja mata rai ba. Akwai wata gada a can, ja, wadda duk duniya ake magana a kanta. Zan je in duba ta da idona, in gwada ta da tamu ta kogin Wuri, in dawo in faɗa muku gaskiya. A gyara kujera."

Akwati biyu ya tafi da su, duk farar shadda ce ta sha sitaci. An ce masa watan Agusta lokacin zafi ne a Amurka, shi kuwa mutumin Douala ne, ba wanda zai koya masa zafi. Yana fitowa daga filin jirgi wata iska ta taso daga teku ta shiga ta hannun riga ta fita ta wancan hannun, ta bar shi yana karkarwa. Tahir ya miƙa masa jaket.

"Ni zan sa jaket? Yaro, ni nake sayar da ita. Ba sanyi nake ji ba, jikina ne ke gaisawa da ƙasar."

Haka jikin ya yi ta gaisawa da ƙasar har ya baro ta.

Washegari suka fita ganin gari. Ambasada ya shiga gaishe da jama'a a titi kamar yadda aka rene shi, yana tambayar kowa gida da iyali da gajiya. Wasu suka yi murmushi suka ƙara sauri, wani ya tsallaka titi. Alhaji ya gane nan take cewa kwarjininsa ne ya yi musu yawa, ya kuma yafe musu. Da wata tsohuwa 'yar yawon buɗe ido ta roƙi ta ɗauki hoton rigarsa, sai ya dubi Tahir ya ce labari ya riga shi isowa.

Suka hau wani ɗan taragon titi da ke hawa tudu, wanda mutane ke maƙalewa a gefensa. Alhaji ya fara da neman ragi, tunda su biyu ne. Ba a rage ba. Da taragon ya kama gangara, ya rungume ƙarfe da hannu biyu, riga na tashi sama, hula a haƙora, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Da suka sauka ya ce wannan ai benskin ne aka yi masa rufi, kuma direbobin Douala sun fi shi zuciya. Tahir ya so ya ɗauke shi hoto a wurin, ya hana. Babban mutum ba a ɗaukarsa yana lilo a jikin mota.

A bakin ruwa suka tarar da wasu dabbobin teku, ƙatti, masu gashin baki, sun baje a kan katako suna ta ihu, Turawa sun taru suna kallonsu. Alhaji ya tambayi ko na wane ne. Aka ce ba na kowa ba ne. Ya tsaya ya daɗe yana dubansu, ransa a ɓace.

"Nama kwance haka, ba mai shi, kuma duk faɗin wurin nan babu mai tsire ko ɗaya. A gaya mini ina ci gaban yake."

Nan ma ba a yi hoto ba, don ba zai haɗa fuska da dabba ba. Da Tahir ya nuna masa wani tsibiri ya ce tsohon kurkuku ne, ana sayen tikiti a shiga jirgin ruwa a je kallo, Alhaji ya ɗauka wasa yake yi. Da ya ga layin mutane da tikiti a hannu, ya riƙe haɓa.

"In biya kuɗi, in hau ruwa, in kai kaina kurkuku da ƙafata? Mu ma muna da namu a New Bell, a tsakiyar unguwa ma, ba mu taɓa kai baƙo can don ya sha iska ba. Wuce mu tafi."

Hoto ɗaya ne Alhaji ya zo ɗauka, na gada. Da shi zai karɓi kujera, ba ya buƙatar wani. Tahir ya ce su bari sai da rana, don da safe hazo ke rufe wurin. Alhaji ya yi dariyar manya.

"Kai za ka koya mini gada? Na shekara nawa ina tsallaka Wuri zuwa Bonaberi? Gada da sassafe ake zuwa mata, kafin ambutayaj ya cushe ta da motoci. Duk wanda ya bari rana ta fito, a kanta zai yi azahar."

Don haka ana idar da sallar asuba suka fita. Suka isa, babu cunkoso kamar yadda Alhaji ya faɗa, kuma babu gada. Fari ne fat ko'ina, sama da ƙasa da teku sun haɗe, sai ƙarar motoci da kukan wani ƙaho daga cikin hazo. Alhaji ya ce a jira. Suka jira har haƙoransa suka fara kaɗawa, ya ce a koma gida, gobe a ƙara sammako, yau sun makara ne. Washegari suka ƙara sammako, gada ta ƙara ɓuya. Kullum da rana, lokacin da take fitowa ja wur kowa na ɗaukarta, Ambasada na ƙudundune cikin bargo a gidan Tahir yana ramuwar barci. Ranar ƙarshe ya fitar da shaddar da ta fi kowacce fari, ya kafa jar dara, ya tsaya a bakin shingen ƙarfe, ya ɗaure fuska yadda manya ke yi a hoto. Ya umarci Tahir ya matso sosai don aikin wuyan rigar ya fito.

Ya dawo New Bell da sabuwar tafiya da sabon tari. Ranar da ya fito majalisa, benci ya cika har da na tsaye. Ya ba da labarin tarago da dabbobi da kurkuku, duk gaskiya, ba ƙari. Zaharaddeen na kan kujera yana kaɗa ƙafa, ya bari ya gama, sannan ya ce cikin ladabi, "Baba Alhaji, a nuna mana gadar."

Waya ta fara zagaya hannuwa. Abin da ke cikin hoton shi ne jar dara a sama, fuska a ƙarƙashinta, baƙin takalmi a can ƙasa, da ɗan guntun ƙarfe a gefe. Farar riga ta narke cikin farin hazo, kai ka ce kan Alhaji ne ya fita yawo shi kaɗai. Audu mai shayi ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce wannan ai gadar Wuri ce in an kwana ana ruwa. Ɗanlami mai goro ya ce ya ma gane wurin, daidai inda masu yashi ke ɗaure kwalekwale, in za ka Sodiko. Alhaji ya zaro fasfo, aka ce hatimi kam a bayan kasuwa ma ana sassaƙa shi. Ya ce a kira Tahir, aka ce wane ɗa ne zai ƙaryata kawunsa. Kujera ta zauna inda take, da mai ita a kai.

Wallahi a ranar ya ba ni tausayi. Mutum ya tsallaka teku, ya sha sanyin da bai taɓa sha ba, ya faɗi gaskiya karo na farko a rayuwarsa, kuma aka ƙi ta.

Amma manyan mutane ba sa kwanciya. Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, aka ga wani mai babbar riga ya rufe rabin fuska da hannun riga yana kutsawa lungunan unguwar Kassalafam, inda yake ganin ba a san shi ba. Ya shiga wani shagon hoto ya yi bayani ƙasa-ƙasa. Mai shagon ya ce, "Montaj ne, haɗa hoto kawai, patron, ba matsala." Ya tsayar da shi gaban koren ƙyalle, ya danna, ya juya ga kwamfuta. Kafin Alhaji ya gama gyara hula, ga shi tsaye a gaban jar gada, sama shuɗiya, teku na walƙiya. Mai shagon ya ga abin ya yi kyau, ya ƙara masa doguwar mota a gefe da gaggafa a sama. Alhaji ya dubi gadar da kyau, don ranar ya fara ganinta.

Ya kawo hoton majalisa a cikin firam, ya ce sai yanzu aka aiko da shi daga can, na cikin waya gwaji ne kawai. Kowa ya matso yana leƙe. Ɗanlami ya ce yanzu kam an ga Amurka. Zaharaddeen ya tashi da kansa ya kakkaɓe kujera. Alhaji Jibirilla ya zauna a hankali, ya ɗora hannu biyu a inda ake ɗorawa, ya lumshe ido. Daga ranar ya daina ba da labarin tarago da dabbobi, tunda ba su karɓu ba. Ya koma ba da labarin yadda aka tsayar da motoci don ya tsallaka, da yadda gaggafar ta bi shi har masauki. Waɗannan kowa ya yarda da su. Ya yanke hukunci a kan dala, ya yanke a kan ƙanƙara, ya ce gadar Wuri ma ba laifi, a dai yi mata jan fenti.

Abin da Ambasada bai sani ba shi ne, mai shagon hoto ma ɗan kasuwa ne, kuma bai taɓa yin aikin da ya burge shi kamar wannan ba. Sai ya buga hoton ƙato, tsayin mutum, ya kafe a ƙofar shago, ya rubuta a ƙasa da Faransanci da Hausa cewa a zo a je Amurka ba biza, kamar Alhaji. Kassalafam kuwa ba ta da nisa da New Bell yadda Alhaji ya zata.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya iso majalisa ya tarar kowa na riƙe da firam. Ga Ɗanlami a gaban jar gada da farantin goro. Ga Audu a gaban jar gada da butar shayi, gaggafa biyu a kansa. Ga wani tsoho da bai taɓa wuce PK 14 da ke bakin gari ba, ya jingina da doguwar mota. Ba wanda ya yi dariya. Audu ne kawai ya ce tunda yanzu duk majalisa ta je Amurka, sai a koma ga wanda ya je Sin, ya kuma matsa ya ba Alhaji wuri a bakin benci.

Bai zauna ba. Ya juya gida, ya shiga ɗaki ya cire dara. Matarsa Hajiya Hapsatu, wadda ta shirya masa akwatunan nan biyu da hannunta, ta raka shi filin jirgi, ta ɗaga masa hannu har ya shige, ita ta kawo masa abinci. Ta ajiye, ta tura ƙofa, ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Alhaji, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Duk kwanakin nan da ba ka gida, a Sodiko ka zauna ko a Bonaberi?"