Rasuwar Wayar da Ke Cewa In Sha Magani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa mai cike da maganar da ba ta samu fita ba, ni mai shafin Kujerar Baya nake sanar da masu karatuna arba'in da uku, da maƙiyana da suka fi haka yawa, rasuwar wayata. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin shayi, tana tsakiyar aiki. Shekararta tara a duniya. A wajen wayoyi wannan kaka ce, a wajen autata kuwa abin kunya ce.

Marigayiya ba a hannuna ta tashi ba. Shekara biyar ɗinta na farko ta yi su ne wajen uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta, matar da ba ta taɓa rubuta kalma ɗaya a kan siyasa ba. Gaisuwa take rubutawa, da tambayar lafiyar jikoki, da saƙonni zuwa gare ni ina can ɗakin karatu na gari ina jera littattafan da ba mai aro. Da ta rasu, yara suka raba tufafi da kwanuka. Ni na ɗauki wayar, na ce musu tawa ta lalace. Tawa lafiyarta ƙalau.

Da ita na buɗe shafin nan. Mutumin da ya yi shekara talatin da shida yana gardama da mace ɗaya ba zai iya shiru rana ɗaya ba, don haka na koma gardama da ƙasa baki ɗaya. Marigayiya ta ɗauki wannan nauyi ba tare da ƙorafi ba. Ta rubuta ta'aziyyar alkawuran zaɓe sau biyu. Ta raka ni yaƙi da masu turo labarin da ba su karanta ba, da masana tattalin arziki na bakin titi, da wani saurayi da ya kira ni jahili cikin jimla mai kuskure huɗu. Ba ta taɓa shiga jam'iyya ba. Ba ta taɓa karɓar muƙami ba, ko da yake, kamar mai ita, ba a taɓa yi mata tayi ba.

Amma babban halinta ba wannan ba ne. Ga waɗanda ba su lura ba, waya tana koyon bakin mai ita. Kalmar da ka yawaita rubutawa sai ta riƙe ta, ta riƙa miƙo maka ita a saman haruffa tun kafin ka ƙarasa. Marigayiya ta yi karatunta a hannun matata, kuma har ta mutu ba ta yarda ta sake malami ba.

Masu karatu za su tuna rubutuna a kan ɗan majalisar da ya buɗe magudanar ruwan unguwarmu sau uku ba tare da an haƙa ta ko sau ɗaya ba. Niyyata in kira shi ɓarawo. A fushi ba na tsayawa neman harafi mai lanƙwasa, sai na buga “ba” kawai. Marigayiya ta ƙarasa mini da abin da matata ke kiran kowa, daga likita har mai kwasar shara. Rubutun ya fita yana cewa “wannan bawan Allah” sau bakwai. An yaba mini ƙwarai. Wani malamin jami'a ya ce bai taɓa ganin habaici mai kaifi haka ba. Lauyan ɗan majalisar ya karanta daga sama har ƙasa bai samu abin kai ƙara ba. Na karɓi yabon duka. Yau da take kwance ba ta motsi, na mayar mata da kayanta.

Haka nan kalmar “Malam”. Da ita matata ke kirana, kuma kowane saƙonta na safe iri ɗaya ne. Saboda haka duk sanda na rubuta “Malam”, marigayiya sai ta miƙo “ka sha maganinka”. Ni kuwa da “Malam” nake buɗe kowace amsa ga abokin gaba, kuma ba na rasa abokin gaba kafin ƙarfe tara. Shekara huɗu ke nan ina shan maganin hawan jinina a kan lokaci saboda zagin jama'a.

Sau ɗaya yatsana ya zame. Akwai wani mai sharhi da ba ya sa sunansa, sai hoton zaki. Duk abin da na rubuta, Mai Hoton Zaki ne na farko a ƙasa, kuma bai taɓa yarda da ni ko a kan ranar mako ba. Na tashi in yi masa raga-raga, sai na tura masa: “Malam ka sha maganinka.” Kwana uku magoya bayansa suna cewa na kira shi mahaukaci. A rana ta huɗu ya turo mini a ɓoye: “Ya aka yi ka san ina da ciwon sukari? Na gode. Amma har yanzu kai maƙaryaci ne.”

Ciwon ajalinta ya fara ne bara. Batirinta ya kumbura har murfin baya ya ɗaga. Ta daina karɓar caji sai an jingina ta da ƙamus, a karkace, ba mai tari a ɗakin. Muryarta, wannan “ƙwal!” da ke shaida mini wani ya sake yin kuskure a duniya, ta koma “ƙrr” kamar ƙofa mai tsatsa. Ranar Talata na rubuta “Malam”, ta miƙo “ka”, fuskarta ta yi fari, sannan ta yi baƙi.

Na kai ta wajen mai gyara. Ya buɗe ta, ya sunsuna, ya zare ɗan katin ajiya.

“Baba, hotuna suna nan, lambobi suna nan. Ka yi sa'a. Me kuma ya rage?”

Na ce, “Bakinta.”

“Lasifika? Ai wannan ko yanzu sai in sa wata.”

Na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallon na'urar, sannan ya cire tabaransa ya ce, “Wannan a ƙwaƙwalwarta yake, Baba. Ita ce ta ƙone.” Ya naɗe ta a takarda da hannu biyu. Mutumin kirki ne, ko da yake na ga hoton wanda ya zaɓa manne a bangon shagonsa.

Autata ta zo da yamma da sabuwar waya, doguwa mai sheƙi. Ta ce, “Baba, ai duk saƙonnin Mama ina da su, sai in turo maka.” Na ce mata tsohon saƙo karanta shi ake yi, ni kuwa katse ni ake yi. Ta ɗauki kwalin magani daga kan tebur, ta juya shi, ta ce, “Yaushe rabonka da wannan?” Na ce mata ina cikin makoki.

Sabuwar tana da biyayya, wannan ne aibinta. Kwana biyu kacal, ina buga “ba” take miƙo “barawo” da murna, ko lanƙwasa babu. Wannan yarinya gidan yari za ta kai ni.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif, da murfi mai tsaga, da abin saƙalawa a kunne mai ji ta gefe ɗaya kamar hukuma. Ta bar rubutu ɗari biyu da sha ɗaya da ba a wallafa ba, waɗanda suka bi ta, kuma ƙasa ta huta. Ta bar dattijo ɗaya.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a aljihun tebur na sama, gefen tabarau da tsinken saƙar uwar ɗakinta. Ba a buƙatar jawabi, musamman daga 'yan siyasa. Masu ta'aziyya su rubuta a ƙasan wannan sanarwa, su kuma duba rubutunsu kafin su tura. Shafin zai yi mako biyu a rufe, domin ina koya wa sabuwar karatu: kowace safiya ina rubuta jimlar maganin nan sau ashirin ina gogewa. Mai gyara ya ce za ta iya. Za ta iya ɗin, amma daga bakina ta ji, kuma ni ban taɓa jin maganar kaina ba.

Wurin jana'izar ƙarami ne, mutum biyu kawai zai ɗauka. Auta za ta tsaya ta dama. Ta hagu an keɓe wa Mai Hoton Zaki, in ya yarda ya zo da fuskarsa. Tun kafin a yi sanarwa ya lura da shirun, domin yau da ƙarfe tara saura ya rubuta a ƙasan tsohon rubutuna: “Tsoho, kwana uku ba mu ji ƙaryarka ba. Malam ka sha maganinka.”

Na sha, bawan Allah.