Gida Mai Lamba 29

Allah ya yi wa ofishinmu baiwa da Farfesa Sha-Shida. Ba jami'a ce ta ba shi farfesancin ba, shi ya duba madubi ya ga ya cancanta. Aikinsa kula da kwamfutoci, amma in ka ji shi sai ka rantse shi ya ƙirƙiro lantarki.

Sauran mutane linzamin kwamfuta suke ja, shi kuwa baƙin allo yake buɗewa, ya miƙe yatsu, ya buga umarnin printf da '%x', sai lamba 255 ta koma ff a ƙirgen na'ura. In lambobin sun cika fayil ya aika musu wata manhaja wai ita awk, ya jingina da kujera kamar ya gama haƙa rijiya.

"Ƙirgen goma-goma," in ji shi, "na masu lissafi da yatsu ne. Mu da na'ura sha shida-sha shida muke ƙirgawa."

Da aka ƙara masa girma ya tare a sabon gida, sai ya shirya liyafa. Gidan mai lamba 41 ne. Farfesa ya ga ba girmansa ba ne ya rubuta 41 kamar kowane gama-gari, ya buga wa baƙin allo, allo ya ce a ƙirgen sha shida-sha shida 29 ke nan. Ita ya sa a katin gayyata, ita ya tura wa mai dafa abinci.

Matarsa ta ce, "Baban yara, 41 fa aka rubuta a ƙofarmu."

"Mai ilimi zai gane. Wanda bai gane ba, da ma ba na son ƙafarsa a kan kafet ɗina."

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ranar liyafa ya sha sabon ɗinki, ya kashe waya don ya haddace jawabinsa a gaban kujerun haya.

Can ƙasan layi, a gida mai lamba 29, wani tsohon direba na zaune sai ga kuloli na shinkafa da kaji, tsuntsu daga sama gasasshe. Bai gama salati ba sai ga manajan ofishinmu da ma'aikata. Suka ɗauka kawun Farfesa ne, shi kuma bai ga dalilin musu da manya ba. Ya shimfiɗa tabarmi, aka ci, aka yi wa Farfesa addu'a, manaja ya tafi yana cewa bai taɓa ganin mai gayyar da ya ƙi halartar gayyarsa ba.

Da yamma ta yi, Farfesa ya dubi kujerunsa ya ce lallai jahilci ya yi wa al'umma katutu.

Matarsa na naɗe labule ta ce, "Baban yara, mutum nawa suka zo?"

"Babu kowa."

"To buga wa allon naka mu ji, sifili nawa ne a sha shida-sha shida?"