Amfilifayar Baba da Sanarwar da Ba Wanda Ya Ji

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni ko a gidanmu, in baƙi suka zo, daga bayan labule nake gaishe su, balle in fito gaban jama'a in yi maganar manya. Goggo ma ta ce in rufa wa kaina asiri, wai masu manyan riguna ba sa son a ambace su sai da yabo. Na ce to, ai yabon nasu zan yi. Sun cancanta, za ku gani.

Rediyon Baba ne ya mutu. Masu wuta, Allah ya ƙara musu lafiya, sun ɗauke ta kwana goma sha ɗaya. Ranar da suka tuna da mu kuma, sai suka turo ta gaba ɗaya, har da ta kwanakin da suka riƙe. Mutane ne masu amana, ba sa cin haƙƙin kowa. Ƙwan falo ya fashe, rediyon ya yi tari sau ɗaya, ya fitar da hayaƙi, ya yi shiru.

Baba direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin da wani abu a kan hanya. Ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya, na hagu ne ya rage, shi ma sai da lallashi. Ido kuma yanzu inuwar mutum kawai yake gani. Abin da ya rage masa shi ne kwalin kaset-kaset ɗinsa na tsofaffin waƙoƙi. Tun da rediyon ya mutu ya daina hira. Sai ya zauna a kujerarsa, hannu a kan gwiwa, tun safe har la'asar. Abinci ya taɓa ya ture. Na sa masa waƙa a wayata, ya ce sauro ne. Na maƙala masa abin kunne, ya cire, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Muna cikin wata na biyu na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni nake ɗinka masa kaya, na san abin da nake faɗa.

Sai na ɗaure abin da na tara na ɗinki a gefen mayafi, na zari kaset ɗaya daga kwalin na jefa a jaka, na roƙi Goggo, ƙanwar Baba, ta raka ni kasuwa. Goggo ba ta san komai game da kayan wuta ba, amma tana da baki, ni kuma ba ni da shi.

Kantin farko mai ƙofar gilashi ne. Mai kantin ya tare mu da fara'a.

"Ƙanwata, me za a ba ki?"

Na kalli takalmina. Goggo ta amsa.

"Abin kiɗa muke so. Wanda in an kunna, matar mai gidan haya za ta san mun je kasuwa."

"Kun zo gida, Mama." Ya sauko da wani kwali mai hoton walƙiya. "Amfilifaya ke nan, ita ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa sifika. Wat dubu biyar. Duba, ga shi a rubuce."

Wat, in ji shi, shi ne ma'aunin ƙarfinta. Na ɗaga ta da hannu ɗaya. Kwalin zarena ya fi ta nauyi. Irin wannan lissafin kuwa na san shi. A bakin layinmu akwai allo da aka rubuta cewa famfon da Mai Girma Babban Mai Yanke Kirtani ya buɗe yana ba da ruwa lita dubu goma kullum. Allon yana da kyau ƙwarai. Awaki suna jin daɗin inuwarsa.

Mai kanti ya murɗa maɓalli. Haƙarƙarina ya motsa, gilashin ƙofa ya ɗauki rawa. Yana dafe da wata 'yar sifika yana shafa ta kamar kan jikansa.

"Kin ji ko, Mama? Wannan 'yar ƙaramar ce fa."

"Wallahi har cikin haƙorina," in ji Goggo. "Naɗe mana."

Ni aikina bin zare ne. In na ga zare sai na san inda ya fito da inda ya shiga. Na bi wayar da ido daga bayan amfilifayar. Ba ta je wurin 'yar ƙaramar ba. Ta bi ƙarƙashin tebur, ta shige bayan labule, inda wata sifika mai tsawon kabad take tsaye tana aiki ana yaba wa wata. Na so in faɗa, bakina ya ƙi. Sai na ja mayafin Goggo, na yi ta ja har muka fito titi tana yi mini faɗa.

Ba ta gama faɗan ba sai ga mota buɗaɗɗiya ta shigo kasuwa, sifika goma sha biyu a ɗaure a bayanta, na ƙirga. A jikinta an rubuta Ofishin Kwantar da Hankalin Jama'a. Mai Girma Shugaban Kwamitin Yaƙi da Hayaniya ne da kansa yake sanarwa. Abin da muka ji shi ne, "Wuuu jama'a wuuu daga yau wuuu." Mai ƙwai ta kife jikinta a kan farantinta. Jarirai suka fashe da kuka, amma bakinsu kawai ake gani. Goggo ta tambayi wani mai sayar da bokitai me aka ce.

"Ina jin rigakafi ne," ya ce.

"A'a, haraji ne," in ji na kusa da shi.

Gaskiya dai a yaba musu. Bayan sun wuce kasuwar ta yi tsit na kusan minti goma, don ba wanda kunnensa ke aiki. Ban taɓa ganin ofishin da ya cika aikinsa nan take haka ba.

Mai bokitan ne ya nuna mana rumfar wani mai gyaran rediyo da ake kira Likita, can ƙarshen layin masu ƙarafa. Dattijo ne, tabaraunsa ɗaure da wayar wuta, rumfar tana warin dalma. Bai tashi ba, bai ce mun zo gida ba. Goggo ta fara bayanin matar mai gidan haya, ya bar ta ta gama, sannan ya juyo wurina.

"'Yata, wa zai saurara?"

"Babana," na ce.

"Ɗakin da yake zama, in an auna da ƙafa, taku nawa ne?"

"Biyar. In da keken ɗinki, huɗu."

"Kunnensa fa?"

"Na hagu kawai."

"To ba ƙara yake nema ba, magana yake nema. Mai irin kunnensa in kin cika masa ɗaki da rugugi, kin ƙara rufe masa waƙar. Kin zo da abin da yake ji?"

Na fito da kaset ɗin. A kantin gilashi kunya ta hana ni fito da shi, don kada a yi mini dariya. Likita ya karɓa da hannu biyu, ya hura shi, ya naɗe zaren da biro.

A bayansa akwai amfilifaya jibge har rufi, duk iri ɗaya, duk da hatimi a gefe. Goggo ta tambaya ko gado ya ci.

"Kusan haka, Yaya. Na ofishin da ya wuce yanzu ne. Wannan abin sifika biyu aka yi shi ya ɗauka, huɗu in an matsa. Amma duk Mai Girman da zai yi jawabi sai yaransa sun tambaya wanda ya gabace shi sifika nawa ya sa, su ƙara biyu a kai. Sai su jona duka a bayan amfilifaya ɗaya. Ta yi zafi, ta ƙone ana tsakiyar godiya ga manyan baƙi. Washegari a sayo sabuwa, tsohuwar a kawo mini a kilo."

"Ba wanda ya gaya musu?"

"Na gaya wa ɗaya. Ya ce in ba ta ƙone ba, da me za a sayo sabuwa?"

Ya zaro ɗaya da ya riga ya gyara. Mai nauyi ce, sai da na sa hannu biyu. Har bakin kaset gare ta, domin ɗan kwangilar da ya kawo musu tsohon yayi ya kwaso ya shafa wa fenti. Allah ya saka masa, da sababbi ya kawo da ba su yi mini amfani ba. Likita ya haɗa ta da wasu sifika biyu na katako, kowace ba ta fi bulo ba, ɗaya ma gefenta ya ɗan ɓantare.

"Ji nan, 'yata. In za ki gwada sifika, kada ki bari a murɗa miki sama. A sama kowace jaka jarumi ce. Ki sa a rage, ki ji ko maganar tana nan."

Ya rage har sai da na matso. Sai ga muryar mawaƙin, kalma bayan kalma, har jan numfashinsa ina ji kafin ya shiga baiti. Shekara nawa ina jin waƙar nan a gida, ban san akwai mai tafi a bayanta ba.

"Waɗannan 'yan akwatunan?" in ji Goggo. "Ko kaza ba za su firgita ba."

"Kaza kike son ta ji, ko yayanki?"

Goggo ta yi ciniki don ta huce, kuma ta yi shi da kyau. Abin da ke gefen mayafina ya isa. Likita ya rubuta mini takarda, ya sa har sunan ma'ajin da ya sayar masa, ya ce in riƙe ta kusa.

Ashe ya san abin da yake yi. Muna fita bakin kasuwa, ni da amfilifaya a ka, Goggo da sifika ɗaya a kowace hammata, sai wani mai riga mai ƙyalli ya ɗaga mana hannu.

"Ina takardar izini? Daga yau ba a shiga da kayan ƙara cikin unguwa sai da izini. An yi sanarwa."

Goggo ta ajiye kaya ta buɗe wuta. Ta ambaci shekarunta, da hawan jininta, da wani ɗan'uwan mijinta da ya taɓa aiki a wani ofishi. Mutumin ko gezau. Ya riga ya ɗora hannu a kan amfilifayar. Na tuna Baba a kujerarsa, hannu a gwiwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yallaɓai, me sanarwar ta ce?"

"Me?"

Na sake faɗa. Ya sunkuyo, ya zaro auduga daga kunnen dama, ya zaro daga na hagu. Ashe a bayan motar nan ya wuni.

"Me sanarwar ta ce, Yallaɓai? Mu ba mu ji ba."

Ya murza audugar. "An dai ce a hana."

"To mu je ofis a karanta mana. Dama kayanku ne, ga hatimi. Ga kuma takarda da sunan wanda ya sayar. Sai a rubuta duka a wuri ɗaya."

Ya karanta takardar. Ya sake karantawa. Ya naɗe ta da kyau ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce mu gaida mai jiki, ya mayar da audugarsa. Har sifika ɗaya ya ɗora wa Goggo.

Muka iso gida, babu wuta. Na jona komai, na zauna ina kallon ƙwan falo har magariba. Masu wuta suna can suna tara mana. Baba ya ce a kawo masa abin ya taɓa. Ya shafa katakon, ya ƙwanƙwasa, ya juya amfilifayar ya bi bayanta da yatsa. Sai yatsan ya tsaya a kan wasu ƙusoshi biyu.

"Wannan ai ta kan mota ce," ya ce. "Tana cin batir."

Maganarsa mafi tsawo ke nan a wata biyu.

Washegari da safe na je ƙofar maƙwabcinmu mai tasi. Motarsa ta yi mako a ƙarƙashin bishiya, don layin gidan mai ya kai har makarantar firamare, kuma Mai Girma Uban Alkawari ya ce man yana kan hanya. Na daɗe a tsaye kafin in yi sallama. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya yi dariya ya ɗauko sifana, ya kwance mini batirin motar.

"Ɗauki, 'yar tela. Gara ya yi waƙa da ya zauna ya mutu."

Baba da kansa ya ɗaura wayoyin, da lalube, bai yarda na taɓa ba. Na ajiye sifika ɗaya a kan keken ɗinki daidai kunnensa na hagu, na danna, na rage kamar yadda Likita ya ce. Ya karkata kai. Leɓensa ya fara motsi. Can ya ɗaure fuska.

"Wa ya zaɓo wannan? Ai na marigayiya uwarki ne. Ni ban taɓa son waƙar nan ba. Shekara ashirin tana damuna da ita."

Na miƙa hannu zan cire. Ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar shi. Kuma ki duba ko akwai sauran abin karyawa."

Don haka ina miƙa godiyar gidanmu ga manya bisa rashin mai. Ranar da ya iso mai tasi zai karɓi batirinsa. In da hali, a ɗan ƙara riƙe man zuwa Asabar. Kaset ɗin Baba arba'in da biyu ne, yau muna kan na shida.