Rasuwar Ƴar Gulma, Mai Gadin Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fushi ya ma fi shi yawa, ni mai askin da ke ƙarƙashin bene kusa da shagon gyaran waya, nake sanar da abokai da kwastomomi rasuwar Ƴar Gulma, ƙaramar na'urar da ta yi rayuwarta manne a damtsena na hagu.

Ga wanda bai san ta ba, ina fama da ciwon makyarkyata, wanda likitoci ke kira Fakinsin. Idan magani na aiki hannuna tsaf yake, idan ya fara ƙarewa a jini sai aska ta kama rawa. Marigayiya ba ta fi murfin kwalba ba, amma daga gumina take gane abin da ya rage. Tit, ci gaba da aikinka. Tit-tit-tit, ajiye aska ka sha magani. In na yi kunnen ƙashi sai ta kai ƙarata wayar ƴata, nan da nan ƴar ta kira tana cewa, "Baba, wai da wa kake jayayya?" Abin da ya jawo mata sunan ke nan.

Ba ta yi jinya ba, ko ciwon kai. Kashe ta aka yi. An sayar da kamfanin da ya ƙera ta, sababbin masu shi suka rufe tsofaffin na'urori daga ofishinsu, ba ko sallama. Da safiyar ranar ta yi shiru, ni kuma na ɗauka shirun lafiya ne. Ina tsaka da gyara wa tsohon direba saje, mutumin da nake wa aski tun kafin ya yi furfura, sai hannuna ya ƙwace. Jini ya gangaro har wuyan riga. Ya dafe kunne ya ce, "Ba komai, ɗan'uwa, tsautsayi ne." Yanzu a tsallaken titi yake aski, in ya fito kuma sai ya kau da kai don kada in ji kunya. Sai bayan la'asar saƙon kamfanin ya shigo, wai suna godiya da amanar da na ba su, in nemi sabon samfuri. Allah ya isa!

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da ƴata da ta koma leƙo ni daga wurin aiki, da kujerar da ke wuni ba kowa.

Za a yi mata sutura da tsumma mai tsabta, a binne ta gobe a aljihun tebur, tare da asaken da suka dakushe. Ana karɓar gaisuwa a shago. Wakilan kamfani kuwa an tanadar musu kujera. Aski kyauta ne, kuma da hannuna zan yi musu, kafin in sha magani.